Na Tace Ruwa da Gyalen Yagana

Jama'a, ranar Asabar aka yi sunan 'yata Ammatullahi a gidanmu da ke Gwange. Da Ba Umara mahauci ya farke tumbin rago, sai ga leda curi guda kamar ƙwallo. Ya ɗaga ta yana cewa, "Malam, ragonka da ledar yake haɗiye ruwan fiya wata!"

Kowa ya yi dariya ban da Najiba, babbar 'yata mai karatun kimiyya a jami'a. Ta ce, "Baba, wannan ai ana ganinta. Akwai ɓurɓushin roba da ido ba ya gani. Masu bincike a ƙasashen waje sun same shi a kifi, a gishiri, a jinin mutum, har a nonon uwa."

Nonon uwa! Na dubi jaririyar, nan take naman ya fita raina. Na ce, "To me yake yi wa mutum?"

"Ana kan bincike. Ba su gama tabbatarwa ba."

Kun ji masana. Sun ga baƙo ya haura mana katanga, amma sai sun yi nazari kafin su faɗa ko gaisuwa ya zo yi.

Washegari na kafa doka. Babu alale a leda, babu koko mai zafi a leda, babu hura gawayi da leda. Ruwan da matata Yagana za ta sha kuwa, ni da kaina nake tace shi da sabon gyalenta, ninki huɗu. Kwana uku ina yi kafin Najiba ta kama ni. Ta murza gyalen ta ce, "Baba, wannan yadin ma da zaren roba aka saƙa shi. Ƙara mata kake yi."

Yagana ta ce, "Ka jiƙa min gyalen biki, kuma ka ɗura min roba? Sannu, likita."

Kunya ta sa na tafi taron wayar da kai da manya suka shirya. Allah ya ja zamanin Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Yiwuwar Kafa Kwamiti! Awa guda ya yi yana la'antar leda, mu kuma muna tafi a kan kujerun roba. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa auna ruwanmu, ko shinkafar Zabarmari?"

Ya ce an sayo na'urar awon tun bariya, tana nan lafiya cikin ledarta, ba a buɗe ba don kada ta lalace. Mutum goma sha biyu kuma sun je ƙasar waje sun ga yadda ake kunna irinta. Wallahi irin wannan tattali sai manya. Daga nan aka raba mana dafa-duka da zafinta, a robar tafi-da-gidanka.

Na dawo na tarar Yagana na shayarwa. Na ja Najiba gefe na ce, "Ko mu koma madara?"

Ta ce, "A wace kwalba, Baba? Ita ma roba ce. Likitoci sun ce har yanzu babu kamar nono."

Na tsuguna gaban jaririyar na ce, "Sha abinki, uwata. Ki girma ki yi karatu, ki auna mana ruwan da kanki. Na'urar na nan sabuwa fil, ba wanda zai taɓa miki ita."