Ranar da Na Rina Rigar Baba da Zoɓo

Ko tsufa na yi ba na jin zan manta da ranar da tsohuwar makarantarmu ta 'yan mata a Gumel ta gayyace ni in yi wa ɗalibai bayanin karatun kemistiri. Lokacin ina aji ɗaya a jami'a, kaina cike da sunayen sinadarai, ina jin babu kamata.

A gida kuwa ba lafiya ba. Baba ya so in karanci aikin jinya, ya ce shi ne karatun da ake gamawa a sami abin yi. Mutanen garinmu Ɗanzomo kuma duk zatonsu shagon kyamis zan buɗe (har wata gwaggona ta fara kawo min ƙarar ciwon gwiwarta). Baba ya riga ya yanke cewa in aka koma bayan hutu zan canza kwas. Shi ya sa na nace sai ya raka ni, ya ji da kunnensa.

Ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, aka ba shi kujera a sahun gaba, kusa da Hajiya shugabar makaranta.

Jawabi dai na yi shi. Na ce mai wannan karatu zai yi aiki a kamfanin taki, a hukumar ruwa, a masana'antar sabulu, ko ya koyar. Na ga Baba yana gyaɗa kai. Da na tsaya a nan, da na tsira da mutuncina. Amma ina! Sai na ce, "Yanzu zan nuna muku kimiyya da idonku."

Na ɗauko gorar roba mai ruwan lemun tsami, na zuba zoɓo don launi, na ƙara garin sabulu don kumfa. Dabarar ita ce in zuba dakakkiyar kanwa, in ɗaura balan-balan a bakin gorar, iskar da za ta fito ta hura ta. (A littafi na gani. Ban taɓa gwadawa ba.) Da na ga idanun yara a kaina, sai na ninka kanwar, wai don abin ya fi armashi. Na ɗaura balan-balan, na matsa gaban manyan baƙi, na girgiza.

Balan-balan ta kumbura, yara suka fara tafi. Sai fuuut! Ta tsinke ta yi sama, jar kumfa ta biyo ta, ta sauka a ƙirjin Baba, ta wanke masa gemu, ragowar ta sami gilashin Hajiya.

Can wata ɗaliba daga baya ta ce, "Anti, shi ma cikin darasin ne?" Dariya ta ɓarke. Na tsaya riƙe da gora tana ta ambaliya a hannuna, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

A mota ina ta kuka a cikin hijabi. Sai da muka kusa gida Baba ya ce, "Uwata, mene ne ya tashi a gorar nan?"

Da shessheka na bayyana masa yadda tsami ke haɗuwa da kanwa su fitar da iska.

"Kin san dalili ke nan. Awon ne ba ki sani ba."

"E, Baba."

"To, ki koma ki ƙarasa. Rabin ilimi irin wannan, in na bar ki da shi a gida, ba za mu kwana lafiya ba."

Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin wani kamfani a Maigatari, ina duba ingancin riɗi kafin a fitar da shi waje. Abin da na koya kuwa ba a lakca na ji shi ba: in za ka gwada abin da ba ka taɓa gwadawa ba, fara a bayan gida, inda kaji ne kaɗai shaidu.