Rasuwar Allon Gwaji Ana Tsakiyar Yaƙi

Da zuciya cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Allon Gwaji, wanda ya cika jiya da rana a kan teburin ofishinmu, alhali gobe da safe masu sayen wasanmu za su zo ganin aiki.

Marigayin asalinsa kwalin firiji ne. Ni na yanke shi, na zana masa gidaje da kogi da tudu. Duk wata dokar wasan yaƙin da muke ƙirƙira, irin wanda ake yi ka motsa in motsa, sai ta kwana a kansa kafin Yaya, abokin aikina, ya shigar da ita kwamfuta. Murafun kwalba ne sojojinsa. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa sandarewa ana cikin aiki ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya: ƙwas, idan murfi ya sauka.

Ya rasu yana riƙe da amanar da ba ta wurin kowa. Wasanmu yana da ciwo: duk wanda ya jera maharba a bayan masu garkuwa ya ci, ko da idonsa a rufe. Masu saye sun faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa wasan da dabara ɗaya ke cinyewa ba su da buƙatarsa. A makon nan ne na ajiye mai maganina, koren murfin da ke warkar da sojoji, a wani gida, sai ga Yaya da maharbansa sun tsaya ƙiƙam. In ya harba, garkuwarsa ta buɗe. In ya ja baya, tudu ya tafi. Tun da muka fara aikin nan ban taɓa ganin mutumin nan yana gumi a gaban allo ba. Muka bar yaƙin yadda yake, domin mu nuna wa baƙi.

Masu tambaya ina hoto, su tambayi Yaya. Saboda shi aka kafa dokar hana ɗaukar hoton marigayi, don a da yakan tafi gida da hoton ya ba kwamfuta ta nemo masa mafita, ya dawo da safe yana taƙama. Har yanzu ban ce dokar ba ta yi daidai ba.

Jinyar gajeriya ce. Mun fita cin abinci, bututun ruwan bene ya fashe a daidai kansa. Inna mai shara, Allah ya saka mata, ta ga ruwa na kwasar sojoji, ta tattara su tsaf ta zuba a kofi. Muka dawo muka tarar kogi ya haɗe da tudu, marigayi ya kumbura ya yi laushi. Na rasa bakin da zan yi mata godiya.

Ya bar murafu masu yawa, duk suna cikin kofi, babu wanda ya san gidansu. Ya bar ni da Yaya, ni ina cewa mai magani a bakin kogi yake, shi yana rantsuwa a bayan tudu ne. Ya bar mai zanenmu, wadda ta ce dukkanmu mun yi kuskure, amma ita ma ba ta tuna ba. Mun gwada ko'ina a sabon kwali, maharba na ci gaba da cinyewa. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Gawa tana nan a kan tebur, an kunna mata fanka, ko wani layi zai sake bayyana. Ana karɓar gaisuwa a ofis. Duk wanda ya taɓa leƙa allon a makon nan, ko mai kawo shayi ne, ya zo ya nuna inda ya ga murfin nan mai launin kore. Kada a taɓa komai.

Za a yi jana'iza gobe bayan baƙi sun tafi, a bolar bayan gini. An roƙi masu haƙa su dakata tukuna kafin su auna rami, sai an ji abin da baƙin suka ce, domin mai yiwuwa gawa biyu za a sa, ta marigayi da ta wasanmu.