Yadda Ake Rage Muryar Mama Lusekelo

Kai shugaban mawaƙan coci, share hawayenka. Idan a cikin mawaƙanka akwai matar da in ta buɗe baki kaji ke tserewa cikin gonar ayaba, ka zo inda magani yake. Ni Ambokile Mwakalinga, shekara tara ina kaɗa hannu a gaban mawaƙan ƙauyenmu can bayan Tukuyu, kuma ina ba ka tabbacin cewa matakan nan shida za su kwantar maka da kowace irin murya cikin wata uku. Na gwada su a kan Mama Lusekelo, sun ci, har sun wuce gona da iri.

1. Fahimci abin da aka ce ka yi

Bara a gasar waƙa ta Mbeya mu muka zo na shida cikin bakwai. Alƙalin gasa ya rubuta wata kalmar Turanci guda a takardarmu, ya ja mata layi biyu, a gefe ya sa "matar da ke tsakiya". Na kai wa Malam Gwakisa na sakandare, ya buɗe ƙamus.

"Ba cewa ya yi ku kore ta ba," in ji shi. "Kalmar nan rage ƙarfin abu take nufi. Kamar in baƙi sun yi yawa matarka ta ƙara wa shayi ruwa. Shayin yana nan, ƙarfinsa ne ya tafi."

Riƙe wannan da kyau. Kora aikin marasa dabara ne. Balle matar da ta kafa ƙungiyar tun kana goye, kuma rigunan da kuke taƙama da su ita ta ɗinka.

2. Kada ka je faɗa mata gaskiya

Ni na je. Na zauna, na gyara murya, na ce, "Mama, muryar nan taki..."

"Ɗana, kada ka gode mini, kyautar Allah ce. Ci ayaba."

Na ci guda huɗu na koma gida.

3. Mayar da ita baya, ka kira abin girmamawa

Ka ce, "Mama, manya ba sa tsayawa gaba cikin yara." Sai ka kai ta layin ƙarshe, daidai taga, ka buɗe tagar. Rabin muryar zai fice waje. Maƙwabcin coci zai zo yana kukan saniyarsa ta daina ba da nono. Ka ba shi haƙuri, shi ba ya shiga gasa.

4. Sama wa hannu da baki aiki

Miƙa mata caki ta riƙa kaɗawa, hankali ya rabu biyu. Kafin a fara gwajin waƙa kuma a raba dafaffen rogo, shayi sai an tashi. Masu hikima sun ce maƙogwaron da rogo ya tsaya wa ba ya hawa sama. Ban san ko waɗanne masu hikima ba ne, amma na ga aikin maganarsu.

5. Yi hattara da bakin 'yan gaba

Saura mako biyu gasa, Mama ta ɗan ɗaga murya, sai Atuganile mai siririyar murya ta juyo daga layin gaba.

"Haba Mama, a hankali mana! Ke fa alƙali ya rubuta bara."

Mama ta dube ni.

"Ambokile, gaskiya ne?"

Na tsaya ina nazarin takalmina.

"Ashe abin da ya kawo ka gidana ke nan. Ka cinye mini ayaba, ka koma da maganarka a ciki."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Daga ranar ba ta taɓa fasa zuwa gwaji ba, amma caki kawai take kaɗawa, baki a rufe. Muka riƙe takardun waƙa muna rerawa a hankali, gwanin daɗi. A matsayina na ƙwararre dole in shaida maka: aiki ya kammala.

6. Je ka karɓi kyautarka

Ranar gasa zauren ya cika maƙil. Kyautar farko piyano ce mai batir, har na zaɓar mata wurin zama a cocinmu. A bakin dandamali aka karɓe takardunmu, domin doka ce da ka ake waƙa.

Baiti na farko ya tafi sumul, kowa ya san shi tun yarinta. Na hango alƙali yana gyaɗa kai. Na ɗaga hannu don baiti na biyu.

Bakuna ashirin da huɗu suka buɗe, babu abin da ya fito. Ashe shekara da shekaru babu wanda ya taɓa haddace shi. A da Mama ke jefo kalma daga tsakiya, kowa ya cafe ya bi. Ni kaina da nake kaɗa hannu, daga bakinta nake karɓa ban sani ba.

Duk suka waiga baya. Tana tsaye tana kaɗa cakinta, cak, cak, tana kallon rufi.

Na manta da alƙali, na manta da jama'a, na ce, "Mama, don Allah!"

"Ragaggiya kake so ko cikakkiya?"

"Cikakkiya, Mama."

Ta buɗe baki. Alƙalamin alƙali ya faɗi ƙasa, wani jariri a ƙarshen zaure ya tsala ihu, mu kuma muka bi bayanta kamar 'yan tsaki har ƙarshen waƙa. Mun zo na bakwai cikin bakwai. Ban taɓa jin daɗin wata waƙa irin na ranar ba, da hawaye na sauko.

Gargaɗi

Ni ragewa na ce zan koya maka, kuma na koya. Ban ce ka rage abin da ba ka san me yake ɗauke da shi ba. In ka bi matakan nan ka kwashi kunya a gaban jama'a, babu ruwana, babu ruwan Malam Gwakisa da ƙamusunsa. Mai ƙorafi kada ya neme ni ranar Laraba, ina gidan Mama Lusekelo tana koya mini baiti na biyu. Ba sai ka tambayi hanya ba, tun daga tasha za ka jiyo mu.