Murfin Kwanon Kaka

"Lafiya ƙalau na wuni, tunda ban ga fuskarka ba sai yanzu. Ina zaren da na aike ka?"

Kwamared ya tsaya a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ba sunan da aka raɗa masa ba ke nan. Abokan aikinsa na kamfanin katifa ne suka liƙa masa shi, tun ranar da ya tsinci wani ɗan littafin gurguzu, ya karanta rabi, ya fara kiran kowa ɗan jari hujja, har mai gadi. Kakarsa tana zaune kusa da tsohon keken ɗinkinta, kajinta uku suna sintiri a ƙofar ɗaki.

"Zare? Haba amarya! Duniya na shirin juyawa, ke kina ta zare."

"Ta juya mana. Za ta dawo ta tarar da wandonka a yage yadda ta bar shi. Kai, ajiye ƙwan nan!"

"Ƙwai na al'umma ne. A tsarinmu babu nawa, babu naki."

"Wa ya yi ƙwan?"

"Kaza."

"Wa ya ba ta tsaba?"

"Ke."

"Kai fa?"

"Ni ne mai tsara rabo."

"To kaza ma'aikaciya, ni ma'aikaciya, kai ne mai kamfanin. Ka zo da hannu biyu da ƙaton ciki. Wannan mai gemun na bangon littafinka, da zai gan ka, da kansa zai kira maka 'yan sanda."

"Ke dai tsohuwa ce 'yar mulkin mallaka. Kaji uku, amma kina tafiya kamar mai jirgin ruwa. Ranar juyin juya hali ke zan fara ƙwace wa keken ɗinki."

"Ka fara koyon zura zare tukuna, mijin banza. Mijin da ko sabulu bai taɓa kawo mini ba."

Nan Kwamared ya ga ƙwai ba zai fitar da shi kunya ba, sai ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta a gabanta kamar mai nuna takardar gida. Makon jiya injin yankan soso ya cire wa abokin aikinsa Dogo yatsu biyu. Abu uku ma'aikatan ke nema: a sa wa wuƙar injin murfi, a ba su safar hannu, a ba su abin rufe hanci saboda warin gam. Mutum ashirin da shida sun sa hannu. Gobe da safe za a kai wa manaja.

Akwai abin da bai faɗa mata ba. Wanda ya kai irin wannan takarda bara, manaja ko karanta ta bai yi ba. Sunan farko kawai ya duba, kafin azahar mutumin yana waje da ledar kayansa.

Kaka ba ta iya karatu ba, amma ta karɓa, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"Waɗannan ƙananan da suka jeru kamar tururuwa, su ne mutanenka?"

"Su ne rundunar."

"Wannan ƙaton fa, da ya haye sama ya baje kamar kwaɗo a bakin rijiya?"

"Jagora ke nan."

"Na gane shi. Shi ka yi ta zana mini da gawayi a bangon ɗaki. Har da ja masa layi biyu a ƙasa! Wa ya ce ka fara?"

"Jama'a ce ta zaɓe ni. Sun ce ni na yi boko."

"Bokon da ka gudo a aji uku? Kai, amma an yi sakarai a gidan nan. Sun tura ka gaba su ga ko ramin na da zurfi, kai kuma kana murna an ba ka sarauta."

"Ke me kika sani a harkar ƙwadago? Da ake gwagwarmaya kina ina?"

"Ina masaƙa, ɗan nema. Shekara goma sha tara ina tsaye gaban inji, uwarka a bayana, ƙurar auduga a huhuna. Kai da ake gwagwarmaya ko a lissafin haihuwa babu kai."

"Masaƙar da ta mutu? Ashe ke kika kashe ta."

"Bayan na tafi ta mutu, don baƙin ciki. Miƙo mini kwanon can."

Ya miƙo yana gunaguni. Tsohon kwano ne, fentinsa duk ya ɓamɓare. Ta cire murfin, ta yage fallen baya na littafin gurguzun da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Wayyo! Babin ƙarshe ne fa!"

"Da ma ba kaiwa can za ka yi ba. Ba ni biro."

Ta kife murfin a kan fallen, ta zagaya shi da biro.

"Koken a tsakiya. Sunaye a kewaye, kowa kansa na kallon ciki. Nuna mini na farko."

Kwamared ya bi da'irar da yatsa, bai sami farkonta ba. Kaka ta ci gaba.

"Mu arba'in da uku ne, duk mata, muna neman a buɗe mana tagogi. Muka dangwala yatsu a kewayen murfin nan. Manaja ya yi ta juya takarda kamar mai tuƙin mota, yana neman wadda ta fara. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ce ta tarar da na kusa da ita ya riga ta. Ko ya kore mu duka injuna su kwana, ko ya buɗe taga. Ya buɗe taga."

"Wace jaruma ce ta ƙirƙiro wannan?"

"Wadda aka kori mijinta shekara guda kafin nan. Mijin nan kakanka ne. Bakinsa irin naka, rubutunsa irin naka, shi ma har da layi biyu. Waɗanda suka ce masa 'muna bayanka' suna bayan nasa kuwa, ta gilashin taga suka kalle shi yana fita."

Kaza ɗaya ta leƙo ta koma. Kwamared ya kalli ƙaton sunansa. Jiya ya yi masa kyau ƙwarai. Yau sai ya ga kamar wuya ne aka miƙa.

"To ai ko an yi da'irar, dole wani ya miƙa wa manaja," in ji shi, murya ta ɗan sauka.

"Ba katifa kuke yi ba? Ku ɗora ta a kan katifa, ku kama ku duka ku shiga da ita. Ya kori wanda ya ga dama."

Dariya ta kuɓuce masa, ya yi maza ya haɗiye.

"Amma fa tsohuwa, tarihi zai so ya san wanda ya jagoranta."

"Tarihi zai ba ka abinci? In an kore ka nan za ka dawo ka tare, ka ƙarasa mini kaji. Ni kajina nake karewa, ba kai ba."

"To ni a ina zan sa nawa sunan?"

"Inda kowa ya sa nasa, kuma daidai girman na kowa. Au, gurguzun naka a kan ƙwaina kawai yake aiki? Da aka zo kan suna sai ka ga naka ya fi na Dogo mai yatsu takwas?"

Wannan karon bai iya riƙewa ba. Ya yi dariya har ya dafa keken ɗinki, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama, Kwamared Kaka. Rabin littafin da ban karanta ba, ashe ke ce."

"Kar ka haɗa ni da mai gemu. Tashi, yanzu duk suna wajen mai shayin bakin kamfani. Ka yaga waccan a gabansu, a sake sabuwa."

Ya ɗauki murfin ya cusa cikin riga. Yana neman ɗayan takalmin sai ta miƙo masa ƙwai biyu.

"Ɗaya na Dogo. Ɗayan ma na Dogo, na san halinka. Murfin kuma aro ne, ba na al'umma ba ne, nawa ne. In ka dawo babu shi, ko babu zarena, ni da kajin nan za mu kewaye takarda a kanka."