Tsugunon da Na Yi a Gaban Baffan Habiba

Ko a mafarki aka tashe ni ba zan manta da tsugunon nan ba. Ga ni a durƙushe a ƙofar gidan Baffan Habiba, dattawa sun cika tabarma suna kallona, ni kuma abin da ke jikina matsattsen gajeren wandon 'yan tseren keke ne, da hular kwano, fuska fari fat da man kare rana kamar na faɗa buhun fulawa.

Bari in koma baya kaɗan. Habiba ita ce yarinyar da nake nema a Kano. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun Baffa Idi, a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar. Ta ce in je in gaishe shi bayan azahar, ta kuma ja min kunne: "Baffa ba ya son mai saɓa alkawari."

Ni kuma, mai wayon banza, na ce bari in haɗa da yawon keken da muka daɗe muna shiryawa da abokina Nazifi: Gagarawa, Gumel, Maigatari, mu sauko Sule Tankarkar. A tsakiyar bazara fa. (Habiba ta ɗauka a mota zan zo. Ban gyara mata ba.) Shaddata mai guga da hula suna jakar Nazifi, shirin shi ne in canza a bayan gari.

Har Gumel lafiya lau, har hotuna nake ɗorawa a sitatus ɗin waya. Muna shiga Maigatari rana ta buɗe ido. Iskar da ke dukan fuska kamar an buɗe murfin tanda, ruwan gora ya zama na haɗa shayi. Nazifi ya zauna a inuwar wata tirela ya ce, "Mutumina, ni ba ni aka ce in je gaisuwa ba." Ina can ina neman ƙanƙara ya ɗora kekensa a motar Gumel. Da jakar. Da shaddata.

Na ciro waya in zazzage shi, ta nuna min wai ta yi zafi, ta kashe kanta. Waya ma ta san ciwon kanta, ban da ni.

Haka na taka keken ni kaɗai. Hanya ba kowa, awaki ma sun lafe a gindin darbejiya suna min kallon tausayi. Wani mai babur ya rage gudu ya ce, "Malam, kaffarar azumi aka ɗora maka?" Leɓe ya bushe, na ci gaba da takawa.

Da aka nuna min gidan, na jingine keke, na cire takalmi, na tsuguna daga nesa yadda ake yi.

"Barka da rana, Baffa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a wajen gwiwa. "Kai ne baƙon Kano?"

"Ni ne, Baffa."

"A hanya aka tare ku?"

"A'a, Baffa, kayan motsa jiki ne."

"To, madalla. Matso tabarma."

A nan ne cinyoyina biyu suka ɗaure. Jijiya ta riƙe tamau kamar an saka kwaɗo. Na yunƙura, ko motsi. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Nan ma ya isa, Baffa."

Wani dattijo mai carbi ya gyaɗa kai. "Ka ga ladabi. Ashe akwai sauransu a birni."

Aka kawo fura a ƙwarya, aka fara miƙo wa baƙo. Kowa ya san ƙa'ida: a gaban surukai ludayi ɗaya za ka kurɓa, ka ce alhamdulillahi, ka tura. Na sani sarai. Amma furar nan da sanyin randa ta zo. Na ajiye ludayin, na kafa kai. Da na ɗago, ƙasan ƙwarya nake gani, dattawa kuma kowa da nasa ludayin a hannu.

Duk suka zuba min ido. Gara a ce zagina aka yi.

Sai ladan ya kira la'asar. Kowa ya miƙe ya nufi buta. Baffa ya ce, "Tashi mana, yaro, ladabin ya isa haka."

Na tattara ƙarfina na yunƙura, sai ga ni a ƙasa ta gefe, ƙafafu a naɗe, kamar ragon da aka ɗaure za a kai kasuwa. Hular kwano ta gangara har gaban mai carbi.

Baffa da kansa ya kama ƙafa ɗaya, mai carbi ya kama ɗaya, suna ja ina kiran sunan Allah. Ta zaure kuma ina jin dariyar mata, har da wata murya da na sani: ashe Habiba ta riga ni zuwa ƙauyen. Aka jiƙa min kanwa na sha, aka ara min wandon Baffa don in samu in yi salla, tunda nawa bai rufe gwiwa ba. Ni da keken a amalanken shanu aka kai mu bakin titi.

Na dawo Kano na haƙura, har na fara goge hotuna. Sai ga saƙon Habiba: "Baffa ya ce a turo magabata. Wai wanda ya keto wannan rana don cika alkawari, ko ba hankali akwai amana. Amma ranar ɗaurin aure ka zo da wando."

Yanzu duk ƙauyen "Mai Ladabi" suke ce min, kuma in na je gaisuwa ƙwarya biyu ake kawowa, ɗaya tawa ni kaɗai. Abin da na koya: kayan zuwa gidan surukai a jikinka ake ɗaukar su, ba a jakar Nazifi ba.

Wandon Baffa yana nan a durowata har yau, kunya ta hana ni mayarwa. Ku faɗa min gaskiya, in mayar da shi da kaina, ko in ba direban motar Gumel ya kai?