Rasuwar Madam, Tukunyar Gaz Ɗinmu, a Sae Sabuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da butar shayi mai cike da ruwan sanyi, ni Mudi Mai Fata na Gidan Sori, tare da maiɗakina Lantana, muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kurɓar shayi a ƙofar motarmu, rasuwar tukunyar gaz ɗinmu wadda aka fi sani da Madam. Ta cika ne da hantsi, a gindin wani gawo da ke gabas da Sae Sabuwa, cikin wannan bazara ta 1985, bayan ta yi fama da ciwon wuya. Ba mu san shekarunta ba. Akwai rubutu a gindinta, amma tsatsa ta cinye rabi, sauran rabin kuma ba da harshenmu aka yi shi ba.

Marigayiya baƙuwa ce a ƙasar nan. Ta ƙetaro hamada a cikin wata farar mota tare da wani Nasara da matarsa, su biyun da gajerun wanduna. Motar ta iso Agiye ta ƙi gaba. Suka gaji da turi, suka sayar mini da ita yadda take, suka hau kamiyo, wato babbar motar kaya, suka yi yamma. Da na buɗe ƙofar baya sai na tarar ashe ɗaki na saya: ga gado, ga ma'ajiyar kwanuka, ga taga da labulenta, ga risho mai baki biyu. A ƙarƙashin rishon kuma ga wata gajera, shuɗiya, mai ƙiba, an ɗaure ta da ɗamara, tana zaune ba ta ce wa kowa komai ba. Lantana ce ta raɗa mata suna. Ta ce macen da aka kawo daga Faransa a zaune, wadda ba ta taɓa zuwa rijiya ba, ai ba ta da wani suna sai Madam.

Ganawarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Na murɗa kanta, na tsaya laluben ashana a aljihu, na samu, na ƙyasta. Kalmar farko da na ji daga bakinta ita ce "bum". Girata da rabin gemuna suka riga ta barin duniya. Na yafe mata tun a lokacin, kuma ina so jama'a su shaida.

Da damina ta ƙi mu, gona ba ta ba da ko abin da kaza za ta tsattsaga ba, shanun makiyaya kuma suka shiga faɗuwa, sai na kama sayen fata. Lantana ta ce ba za ta zauna gadin rumbun da babu komai a ciki ba, ta kulle gida ta shigo mota. Tun daga nan muka zama mu uku. Mukan kwana inda rana ta faɗi mana, yau bayan kasuwar Gazawa, gobe bakin wata rugga a hanyar Gidan Runji. Itace ya yi wuya, matan ƙauye sai sun yi nisa kafin su haɗa ɗauri guda, mu kuwa sai dai mu murɗa kan Madam ta ce "fssss", ta ba mu shuɗiyar wuta.

Marigayiya ba ta taɓa sa idon kowa hawaye ba. Ba ta taɓa baƙanta gindin tukunya ba. Ba ta ƙi jiƙaƙƙen yini ba, ko da yake Allah bai nuna mata irinsa da yawa ba a zamanta da mu. Mai son zaman lafiya ce. Wata rana tsakanin Agiye da Gazawa wani jandarma ya leƙo motar, ya gan ta, ya ja da baya ya dafe bindigarsa, yana tambaya wane gari muke shirin tarwatsawa. Ba ta yi masa musu ba. Ta dafa masa shayi, ya sha na farko da na biyu da na uku. Daga ranar bai sake barinmu mu wuce ba tare da ya tsayar da mu ba, kuma bai sake tambayar takardun mota ba, sai dai ya tambayi lafiyar Madam.

Tun da ba a rufe ta ba tukuna, bari a faɗi gaskiya: tana da nata hali. Ba ta son rana. Duk inda muka sauka, ita ke samun inuwa mafi kyau, a lulluɓe ta da buhun da aka yayyafa wa ragowar ruwan alwala, ni mai motar ina gefe rana na gasa mini ƙeya. Ba ta kuma faɗin abin da ke cikinta. Sai Lantana ta rungume ta, ta jijjiga, ta kara kunne. In ta ce "ƙul-ƙul", akwai tuwo akwai shayi. In ta ce "cal-cal", an soke shayina. Cika ta ma aiki ne, don bakinta bai dace da bakin tukwanen ƙasarmu ba. Akwai wani mutum a Maraɗi da ya ƙera mata mahaɗi. Yakan rataye babbar tukunya a reshen bishiyar bedi, kai ƙasa, ya jona su da tiyo, mu koma nesa muna addu'a ana yi mata ƙarin jini.

Babban abin da ta taɓa yi mini shi ne ranar da surukina, Malam Shu'aibu, mahaifin Lantana, ya zo ganin motar da abokansa dattawa. Muka zauna ciki, aka ja ƙofa saboda ƙuda. Ana cikin gaisuwa sai wani wari ya taso daga ƙasa, irin wanda ba a ambata a gaban manya. Malam ya dube ni. Na dubi Lantana. Lantana ta dubi rufin mota. Dattawa suka shiga jan carbi da sauri. Can Malam ya miƙe ya ce, "Mudi, ka rage cin wake," ya fita. Madam tana zaune a ƙarƙashin risho, shiru kamar waliyyiya. Ashe somin ciwon da ya zama ajalinta ke nan, mu ba mu sani ba.

A Sae Sabuwa muka haɗu da Bakari, Bafillace makiyayi, da tsohuwarsa Gogo Zainaba. Sun gangaro daga arewa da garke, garken kuma yana ƙarewa a hannuna fata bayan fata. Kowace ya kawo sai ya faɗa mini sunanta kafin ya miƙo, ni kuma in yi kamar ina duban ƙasa. Muka kafa mota kusa da bukkarsu. Lantana ta aika wa Gogo kunu ranar farko, Gogo ta dawo da shi ko taɓawa ba ta yi ba.

"Ina hayaƙin wutar?" in ji ta. "Ina tokarta? Kaɗo, ni ba na shan abin da aljani ya dafa."

Marigayiya ta ji wannan da kunnenta, ba ta tanka ba.

Sai saniyarsu ta ƙarshe, ja mai suna Wodeye, ta kwanta ba ta tashi ba, ta bar 'yar maraƙa da ko ƙafafunta ba su gama miƙewa ba. Bakari ya kawo mini fatar, wannan karon bai faɗi suna ba. Akwai madarar gari ta taimako da aka ba su saboda jikokin Gogo, ta raba biyu, rabi na yara rabi na maraƙa. Amma maraƙar ta ƙi madara mai sanyi, ta kawar da kai. Itace babu a kusa, kashin shanun da suke hurawa ya tafi tare da shanun. Washegari da sassafe ina zaune ina jiran ruwan shayina ya tafasa, sai ga Gogo a ƙofar mota da ƙwarya a hannu. Ba ta gaishe ni ba.

"Kaɗo, tashi aljanin nan naka."

"Gogo, ai kin ce ba kya shan girkinsa."

"Ba ni zan sha ba. Ita ba ta san komai ba, yarinya ce."

Lantana ta sauke butata, ta zubar mini da ganyen shayi a kofi, ta wanke butar ta zuba madara. Aka ɗumama. Aka yanko guntun tiyo aka sa a bakin buta ya zama nono. Maraƙar ta shinshina ta ƙi. Na shiga bayan mota na jawo fatar Wodeye, na lulluɓa ta a bayana, na durƙusa da hannu da gwiwa, Gogo ta cusa butar ta ƙarƙashin hammatata. Maraƙar ta shinshina fatar, ta yi wani ɗan kuka, ta kama. Ta sha har tana tunkurina da kai. Bakari ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa, har yau ban sani ba dariya yake ko kuka. Ni dai, mutum mai gemu da iyali, na zama saniya safe da yamma, mutanen Sae Sabuwa na zuwa kallo.

Da Lantana ta jijjiga Madam ta ji "cal-cal", sai ta kafa doka.

"Maigida, daga yau babu shayi, babu tuwo. Mu jiƙa gari. Wutar nan ta yara ce da maraƙa."

Na ce fatun da ke kan mota sun fara wari, dillalan Maraɗi ba za su jira ni ba, mu je mu cika ta mu dawo. Ta ce in mun tafi mun dawo, fatar maraƙar za mu tarar, in kuma ina son ta ne in faɗa. Muka zauna.

A nan ciwon marigayiya ya tsananta. Numfashi ya riƙa fita ta wuyanta ko da an rufe kanta. Muka shafa mata kumfar sabulu muka ga inda yake tsiyaya. Na yanka takalmina na roba na yi mata zobe, ya riƙe kwana kaɗan ya saki. Gogo, wadda a da ba ta yarda inuwarsu ta haɗu, ta tofa mata addu'a ta ɗaura mata tsumma a wuya. Duk da haka ba ta fasa aiki ba ko sau ɗaya. Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, "ssss", sai ka kara kunne. Ranar da za ta tafi, wutar ta tashi shuɗiya, ta koma rawaya, ta ƙanƙance har ta zama kamar ƙwayar gero. Gogo ta tsoma ɗan yatsa a buta ta ce ya yi ɗumi. Madam ta ce "fut". Ba ta ƙara cewa komai ba.

A makon ne maraƙar ta fara tauna 'ya'yan gawo da kanta.

Mun kai ta Maraɗi ko da sauran kwana. Mutumin da ke cika mana ita ya juya ta, ya duba wuyan, ya girgiza kai. Ya ce tsagewa ce, in ya cika ta, da shi da mu da bedin duk tare za a tafi. Irin wuyanta kuma sai ƙetare, iyaka ga ta a rufe. Muka ɗauro ta da ɗamararta muka dawo da ita inda ta cika.

Ta rasu ta bar mijinta risho, wanda tun ranar bakinsa biyu suke buɗe bai rufe ba. Ta bar tiyo, da buta, da rabin kwalin ashana marayu. Ta bar jikokin Gogo suna guje-guje a bayan bukka, da maraƙa guda mai bin bayana duk inda na nufa tana lasar mini riga. Ta bar ni da ciwon kai kowace safiya.

Game da jana'iza, mun sami liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, balle wanda ba a san addininsa ba. Tanimu maƙeri ya yarda zai raba ta biyu, rabi ya zama kwamin shan ruwan maraƙa, rabi Lantana ta ce nata ne. Sai dai ya ce ba zai sa mata zarto ba sai an yi mata wanka, an cika cikinta da ruwa har ya tumbatsa, don kada sauran numfashin da ya maƙale ya tafi da shi. Na je bakin rijiya na yi wa matan da ke layi bayani. Abin da suka ce za su yi mini da guga ba zai rubutu a sanarwar rasuwa ba.

Don haka gawa tana nan kwance a gindin gawo, an kwance mata wuya, bakinta na kallon sama. Za a yi wanka da jana'iza ranar da aka yi ruwan farko. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar mota daga hantsi zuwa la'asar. Mai son shayi ya zo da itacensa, kuma kada kowa ya ƙyasta ashana kusa da mamaciya. Wanda duk ya fara hango hadari ta gabas, ko da a tsakiyar cin abinci yake, ya rugo ya faɗa mana.