Girgizar Ƙasar da Ke Hutu Ranar Kasuwa

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da watan da na yi gadin na'urar auna girgizar ƙasa ba. Lokacin ina Safana wajen Kawu Sale, tunda gonarmu ta Runka ta gagari shiga saboda ɓarayin daji. Makaranta tun aji biyu na sakandare na bar ta. Na gwada acaɓa, na gwada ɗinki, babu wanda na yi wata uku a kansa.

Sai ga wasu malaman jami'a da wata na'ura kamar 'yar tukunya. Suka binne ta a bayan gidan Kawu, suka kafa mata sola. Babbansu, Injiniya, ya ce motsin ƙasa take saurare, don a san irin girgizar da gine-gine za su iya gamuwa da ita nan gaba. Aikina in hana yara da awaki zuwa wurin. Ya ce in na riƙe amana zai tafi da ni Katsina, in riƙa bin su wajen kafa irinta. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar tafiyar nan ba.

Kwana goma ƙasa ko tari ba ta yi ba. Hankalina ya tashi. Ni a ganina na'urar kamar tarko ce, in ba ta kama komai ba za a ce wurin bai yi ba, a tone ta, a manta da ni. (Ban tambayi kowa ba. Dama ni ba na tambaya.) Sai na samo wani tsohon turmi, kullum da hantsi in ɗaga in maka da ƙasa a gefenta, sau uku. In ina jin ƙarfi, biyar.

Ranar da Injiniya ya dawo ya buɗe kwamfuta a zaure, ga Kawu, ga mai unguwa, ga ni tsugune ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo.

"Baba," ya ce wa mai unguwa, "ƙasarku kullum da hantsi take girgiza. Amma ranar kasuwar Batsari hutu take yi."

Kawu ya juyo wajena a hankali. "Kai, wa ke zuwa Batsari ranar kasuwa a gidan nan?"

"Ranka ya daɗe, taimaka mata na yi," na ce wa Injiniya. "Na ga ba ta samu komai ba."

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Injiniya bai yi dariya ba.

"Samari," ya ce, "ko shirun ma sakamako ne. Tun dukan farko ka karkatar da ita, duk abin da ta ɗauka daga nan ya lalace."

Kafin la'asar sun tone ta. Motar ta tafi Katsina ba ni a ciki, Kawu kuma ya yi sati bai amsa gaisuwata ba. Har yau ina Safana.

Abin da na koya? Sau ɗaya a rayuwa aka ba ni aikin da ba a son komai daga gare ni sai in zauna wuri ɗaya in yi shiru. Shi ma ya fi ƙarfina.